Astrid Lindgren, Marubuciyar da Ta Tsaya wa Yara: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya taɓa riƙe takardar kurona 20 ta ƙasar Suwidin, wadda aka fara kashewa a 2015, ya ga fuskarta: wata dattijuwa mai gajeren gashi, ga kuma zanen wata 'yar yarinya mai tufka biyu a gefenta. Dattijuwar ita ce Astrid Lindgren, yarinyar kuwa ita ce Pippi, wadda ta fito daga bakin alƙalaminta. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kan wannan baiwar Allah da aikinta.

Wace ce Astrid Lindgren?

Marubuciyar littattafan yara ce 'yar ƙasar Suwidin. An haife ta ran 14 ga Nuwamba 1907 a wata gona da ake kira Näs, a bakin garin Vimmerby da ke yankin Småland a kudancin ƙasar. Ta rasu ran 28 ga Janairu 2002 a birnin Sitokholm, tana da shekara 94. Sunan da iyayenta suka raɗa mata shi ne Astrid Anna Emilia Ericsson, Lindgren kuwa sunan mijinta ne. Ta rubuta littattafan labari 34 da littattafan hoto 41, an fassara aikinta zuwa harsuna fiye da 100, an kuma sayar da kwafi sama da miliyan 160.

A wane irin gida ta tashi?

Gidan manoma ne. Mahaifinta Samuel August yana noma gonar da ya karɓa haya daga hannun cocin garin, mahaifiyarta Hanna kuma tana riƙe da gida da duk ɗawainiyarsa. Su huɗu ne a wurin iyayensu: wanta Gunnar, sai ita, sai ƙannenta mata Stina da Ingegerd. Ta sha faɗin cewa abu biyu suka samu a wannan gida, kwanciyar hankali da sakewa. Akwai aikin gona da ake sa su, amma da zarar sun gama babu mai bin sawunsu. Su hau bishiya, su yi tsalle a kan tarin ciyawa, su shiga daji, sai yunwa ta koro su gida.

Wani abu ya faru a ƙuruciyarta da ba ta taɓa mantawa ba. A ɗan ƙaramin kicin ɗin wata mata mai suna Kristin, matar ɗaya daga cikin ma'aikatan gonar, 'yar matar da ake kira Edit ta ɗauko littafi ta karanta mata tatsuniyar wani ƙaton dodo da wata aljana. Astrid tana 'yar shekara biyar ko ƙasa da haka a lokacin. Daga ranar ƙishirwar karatu ta kama ta, har ta ce yawancin kicin ɗin da ta siffanta a littattafanta na Kristin ne ta yi ta maimaitawa.

Son da mahaifinta yake yi wa mahaifiyarta ma ya zauna mata a rai, har ta rubuta ɗan littafi a kan soyayyarsu bayan dukansu sun kwanta dama.

Tun tana yarinya take burin zama marubuciya?

A'a. Tana shekara 13 jaridar garinsu, Vimmerby Tidning, ta buga wani insha'i da ta rubuta a makaranta. Nan take aka shiga tsokanarta ana kiranta Selma Lagerlöf ta Vimmerby, wato ana kwatanta ta da babbar marubuciyar ƙasar wadda ta ci lambar Nobel a 1909. Abin ya ba ta tsoro, ta ƙudura a ranta cewa ba za ta taɓa zama marubuciya ba. Littafinta na farko kuwa bai fito ba sai da ta haura shekara talatin da biyar.

Me ya raba ta da garinsu tana budurwa?

Nan ne tabon rayuwarta yake, kuma a ganina wanda bai san wannan ba bai fahimci littattafanta ba. Tana shekara 16 ta fara aiki a jaridar garin, tana gyara rubutu tana kawo rahoto. Tana shekara 18 ta samu ciki da babban editan jaridar, mutumin da ya girme ta da shekaru kusan talatin, kuma yana da aure. Ya nemi ya aure ta, ta ƙi. Ƙaramin gari ne da kowa ya san kowa, tsegumi kuwa ba ya ƙarewa, sai ta tattara ta nufi Sitokholm a 1926, ba ta da kowa ba ta da komai, ta shiga koyon buga tafireta da rubutun gaggawa irin na sakatarori.

A ƙarshen shekarar ta tsallaka zuwa Kopenhagen ta ƙasar Danmak ta haihu a watan Disamba, domin a can akwai asibitin da ba ya tilasta wa mace ta faɗi sunan uban ɗanta. Ta haifi namiji, Lars, wanda ake kira Lasse. Ba ta da halin riƙe shi, don haka ta bar shi a hannun wata mata mai riƙon yara a birnin, ita kuma ta koma ɗan ɗakinta na haya. Shekara uku tana ƙuntata wa cikinta tana tara kuɗin jirgin ƙasa don ta je ta gan shi na kwana ɗaya ko biyu, sannan ta sake yi masa sallama. Da mai riƙon ta kwanta ciwo, sai ta ɗauko shi, alhali wannan matar ya sani a matsayin uwa. Ya zauna da ita na ɗan lokaci, daga baya kakanninsa suka karɓe shi a Näs. Sai da ta auri Sture Lindgren a 1931, wanda suka haɗu a wurin aiki a ƙungiyar masu motoci ta ƙasar, sannan ta samu ta haɗa ɗanta da kanta a ƙarƙashin rufi guda. A 1934 ta haifi 'yarta Karin.

Ka duba littattafanta da kyau, za ka ga cike suke da yaran da aka bari su kaɗai: maraya a gidan marayu, ɗan riƙo da ba a so, yaro mara lafiya a kan gado. Ta ga idon ɗanta a bakin ƙofa lokacin da take juya baya, ta san abin da ke cikin zuciyar yaron da manya suka yanke masa hukunci ba tare da sun tambaye shi ba.

Ta yaya labarin Pippi ya samo asali?

A 1941 Karin tana shekara bakwai ta kamu da ciwon huhu, tana kwance kullum dare tana naci a ba ta labari. Wani dare uwar ta rasa na faɗi, ta tambaye ta labarin wa take so, sai yarinyar ta ƙago suna nan take ta ce na Pippi Långstrump, ma'ana Pippi mai doguwar safa. Sunan baƙo ne, sai uwar ta ga ya kamata mai sunan ma ta zama ta daban. Shekaru ana ba da labarin da baki ga Karin da ƙawayenta.

A watan Maris 1944 Astrid ta zame a kan ƙanƙara ta yi targaɗe a ƙafa. Zaman jinyar ne ya ba ta damar rubuta labarin, ta kuma miƙa wa Karin shi kyauta ranar da ta cika shekara goma. Ta aika kwafi ga babban kamfanin ɗab'i na Bonniers, suka mayar mata. A shekarar dai ta shiga gasar da wani ƙaramin kamfani, Rabén & Sjögren, ya sa ta littattafan 'yan mata, ta zo ta biyu da wani labari daban. Da kamfanin ya sake sa gasa a 1945, ta gyara Pippi ta rage masa kaifi ta tura, ya zo na ɗaya, aka buga shi a ƙarshen shekarar. Wata ma'aikaciyar laburare mai suna Elsa Olenius, wadda ke cikin alƙalan gasar, ta taimaka mata ƙwarai, suka kuma zama aminan juna har tsufa. Littafi na biyu ya fito a 1946, na uku a 1948.

Mene ne a cikin littafin da ya jawo ce-ce-ku-ce?

Pippi 'yar shekara tara ce, mai jan gashi da ɗigo-ɗigo a fuska. Mahaifiyarta ta rasu, mahaifinta matuƙin jirgin ruwa ne da igiyar teku ta tafi da shi. Ita kaɗai take zaune a wani tsohon gida mai suna Villa Villekulla, daga ita sai doki da wani biri da take kira Malam Nilsson, sai jaka cike da tsabar zinariya. Babu wanda ya kai ta ƙarfi a duniya, dokin nan ma ɗaga shi take sama da hannu. Ba ta zuwa makaranta, ita ke cewa kanta ta je ta kwanta, kuma ƙafafunta take ɗorawa a kan matashi ta tura kai cikin bargo. Da 'yan sanda biyu suka zo kai ta gidan marayu, wasan tsere ta yi da su a kan rufin gida, daga ƙarshe ta ɗauke su ta ajiye a waje. Maƙwabtanta Tommy da Annika, yara masu ladabi da tsafta, su ne idon mai karatu a cikin labarin.

Yara sun rungumi littafin hannu bibbiyu. Wasu manya kuwa ransu ya ɓaci. A 1946 wani farfesa mai suna John Landquist ya rubuta kakkausar suka a jaridar Aftonbladet, yana cewa babu lafiyayyen yaron da zai cinye kek guda sukutum a gaban baƙi ko ya taka sukari da ƙafa a ƙasa. Muhawara ta ɓarke a jaridu kan yadda ya dace a yi renon yara. A Faransa ma fassarar farko ta datse wurare da yawa don a ladabtar da yarinyar, sai a 1995 aka fitar da cikakkiyar fassara.

To, ba rashin kunya littafin yake koya wa yara ba?

Tambaya ce mai kyau, kuma iyayen da suka yi ta ba su yi laifi ba. Pippi tana katse manya, tana shirga ƙarya don nishaɗi, ba ta san zaman aji ba. Amma a lura da inda take kai ƙarfinta. Ba ta taɓa cin zalin wanda ta fi ƙarfi ba. Ta tarar da yara biyar sun taru a kan yaro ɗaya suna duka, ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ta rataye biyu a reshen bishiya, sauran ma ta yi maganinsu. Ta shiga gidan da wuta ke ci ta fito da yara biyu. Ɓarayin da suka shigo sace mata zinariya, bayan ta gama da su ta ba su abinci ta ba kowannensu tsaba guda. Ta sayi alewa tuli ta raba wa yaran da ke leƙen kanti ba su da ko kwabo.

Abin da na ɗauka daga littafin shi ne, yaro yana rayuwa ne a duniyar da kowa ya fi shi tsawo da ƙarfi da iko. Astrid ta ba shi wata yarinya da ta fi kowa iko, sannan ta nuna masa cewa mai iko yana iya zama mai tausayi. An rubuta littafin ne ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, lokacin da masu ƙarfi suka mai da Turai kango, kuma ita ta san abin da ke faruwa fiye da yawancin 'yan ƙasarta, domin tun 1940 take aikin sirri na karanta wasiƙun da ke shiga da fita ƙasar. Ta kuma cika littattafai 17 da bayanan yaƙin na yau da kullum, waɗanda aka buga a 2015. Yaran da na ga an karanta wa Pippi dariya suke yi, ba na jin akwai wanda ya tashi ya ce zai daina makaranta. Sun san wasa, sun san gaske.

Ban da Pippi, waɗanne littattafai ta rubuta?

Suna da yawa, kuma ba su yi kama da juna ba. Akwai labaran yaran Bullerby da suka fara fita a 1947, a kan yara shida a wani ƙauye mai gida uku kacal, wanda kusan ƙuruciyarta ce ta zuba a takarda. Akwai Kalle Blomkvist na 1946, yaro mai binciken masu laifi, inda ta yi amfani da abin da ta koya lokacin da take sakatariyar masanin binciken laifuka Harry Söderman. Akwai Karlsson na 1955, wani ɗan gajeren mutum mai son kansa da ke zaune a kan rufi, da farfela a bayansa yana tashi sama. Wannan ya samu karɓuwa ta ban mamaki a Tarayyar Sobiyet, har yau kuma yaran Rasha sun san shi.

Emil na ƙauyen Lönneberga, wanda ya fito a 1963, shi ne ta ce ya fi kusa da zuciyarta, kuma labaran ƙuruciyar mahaifinta sun shiga cikinsa sosai. Yaro ne da kullum niyyarsa alheri ce amma ta ƙare da ɓarna. Ya tura kai cikin kwanon miya don ya lashe ragowar, kai ya maƙale. Ya ɗaga ƙanwarsa Ida a kan sandar tuta don ta hango gari. Duk ranar da ya yi laifi a rumfar sassaƙa ake kulle shi, shi kuma ya zauna ya sassaƙa ɗan mutum-mutumi na itace, har suka cika kanta. Wannan yaron da ƙauye ya gaji da shi ne ya kwashe abincin bikin gidansu ya ciyar da tsofaffin gidan gajiyayyu, shi ne kuma ya ɗora Alfred, ma'aikacin gonarsu, a kan keken doki cikin guguwar dusar ƙanƙara ya kai shi wurin likita lokacin da manya suka ce hanya ba ta biyuwa.

Babban labarinta na ƙarshe shi ne Ronja, 'yar shugaban 'yan fashi, a 1981. Yarinya ce da ta ƙulla abota da ɗan abokin gabar mahaifinta, uban ya ce ba shi da 'ya, ta bar gida ta koma kogo a daji, daga baya kewa ta karya masa zuciya ya je biko. Ita da yaron duka suka ce ba za su gaji sana'ar fashi ba.

Gaskiya ne ta rubuta wa yara littafi a kan mutuwa?

Gaskiya ne. Sunansa Bröderna Lejonhjärta, wato 'yan'uwa masu zuciyar zaki, ya fito a 1973. Karl ɗan ƙaramin yaro ne da ke kwance yana tari, ya kuma ji da kunnensa cewa ba zai tashi ba. Wansa Jonatan mai shekara 13 yana lallashinsa da labarin wata ƙasa mai suna Nangijala da za su haɗu a can. Sai gobara ta tashi a gidansu, Jonatan ya goya ƙanensa ya diro daga bene, shi ya riga shi tafiya. Sauran labarin a Nangijala yake, inda suka tarar da wani azzalumin sarki, Tengil, ya danne mutanen wani kwari, ya zama dole yaron da ya san kansa da tsoro ya yi abin da yake tsoro.

An soki littafin, musamman ƙarshensa, inda 'yan'uwan suka zaɓi su yi tsalle tare zuwa wata duniyar. Ba na raina wannan suka. Shawarata ita ce uba ko uwa su fara karanta shi su kaɗai, sannan su karanta tare da yaron, su bayyana masa cewa Nangijala ƙasar tatsuniya ce, abin da gidansu ya yi imani da shi game da lahira yana nan daram. Amma kada a ce yara ba sa tunanin mutuwa. Suna yi, sau da yawa su kaɗai cikin dare, kuma babu mai ba su amsa. An karanta wannan littafi ga yara da dama da ke jinya a asibiti, da waɗanda suka rasa ɗan'uwa.

Tun kafin shi ta taɓo irin wannan ciwo. Wata rana ta ga wani yaro zaune shi kaɗai a kan benci a lambun Tegnérlunden da ke Sitokholm, daga nan labarin Mio ya fito a 1954: ɗan riƙo da ba a ƙauna, wanda ya gano cewa mahaifinsa sarki ne a wata ƙasa mai nisa kuma shekara tara yana nemansa.

Yaya take gudanar da aikinta?

Da sassafe take rubutu, tana kan gado, da fensir da ɗan littafi, cikin rubutun gaggawar nan da ta koya tana budurwa. Takan sake jimla ɗaya sau da yawa har sai ta ji ta zauna a kunne, domin ta san da murya za a karanta wa yaro. In babi ya nuna, sai ta hau tafireta. Da rana kuma ta tafi ofis, don daga 1946 zuwa 1970 ita ce editar sashen littattafan yara a Rabén & Sjögren, tana duba rubutun wasu marubuta. Mijinta ya rasu a 1952, ba ta sake aure ba. Gidan haya ɗaya ta zauna a ciki, lamba 46 a titin Dalagatan, tun 1941 har ƙarshen ranta, duk da dukiyar da littattafan suka kawo.

Masu zane uku ne suka fi ba wa labaranta fuska: Ingrid Vang Nyman 'yar Danmak ta zana Pippi, Björn Berg ya zana Emil, sai Ilon Wikland, wadda ta zo Suwidin gudun hijira daga Estoniya tana yarinya a 1944, ta zana mafi yawan sauran.

Waɗanne lambobin yabo ta samu? Ta ci Nobel?

Ba ta ci Nobel ba. A 1958 ta karɓi lambar Hans Christian Andersen, wadda ake ɗauka a matsayin mafi girma a duniyar adabin yara, kuma ita ce marubuciya ta biyu da aka ba tun da aka fara a 1956. Littafin da ya jawo mata ita shi ne labarin Rasmus, maraya ɗan shekara tara da ya gudu daga gidan marayu domin masu zuwa ɗaukar yara 'yan mata masu nannaɗaɗɗen gashi kawai suke zaɓa, ya bi wani mayawaci mai suna Oskar. A 1971 Cibiyar Adabi ta Suwidin ta ba ta babbar lambarta ta zinariya. A 1978 ta samu lambar zaman lafiya ta masu harkar littattafai na Jamus, a 1994 kuma lambar girmamawa ta Right Livelihood. Akwai makarantu da yawa a Jamus masu sunanta, har da wani dutsen sararin samaniya mai lamba 3204.

Me ta faɗa a Jamus a 1978 da har yau ake maganarsa?

Da aka sanar da ita lambar zaman lafiya, ta rubuta jawabi a kan dukan yara. Masu shirya bikin suka ga maganar za ta sosa wa mutane rai, suka nemi ta karɓi lambar ba tare da jawabin ba. Ta ce in babu jawabi ita ma babu ita. Suka sauko. Ran 22 ga Oktoba ta tsaya a birnin Frankfurt ta ce zaman lafiyar duniya daga ɗakin yara yake farawa, domin waɗanda za su riƙe bindiga da mulki gobe su ne ake reno yau.

A cikin jawabin ta ba da labarin da wata tsohuwa ta ba ta. Lokacin da tsohuwar take matashiyar uwa, ɗanta ya yi laifi, ta ga yau kam sai ta zane shi, karo na farko. Ta ce ya fita ya samo tsumagiya da kansa. Yaron ya daɗe bai dawo ba. Da ya shigo yana kuka, ya ce bai samu tsumagiya ba, amma ga dutse ya kawo ta jefe shi da shi. Nan uwar ta ga abin da idon yaron ya gani: tunda so take ta ji masa ciwo, ai dutse ma zai yi. Ta rungume shi suka yi kuka tare, ta ɗora dutsen a kan kantar kicin ya zauna can yana tuna mata alkawarin da ta ɗauka a ranar.

A 1979 Suwidin ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta haramta dukan yara har a cikin gida. Ba jawabin kaɗai ya kawo dokar ba, an daɗe ana tafka muhawarar, kuma tun 1958 aka hana duka a makarantun ƙasar. Amma muryarta ta yi nauyi a kan sikeli. Yau ƙasashe fiye da 60 suna da irin wannan doka.

An ce ta taɓa kayar da gwamnati. Haka ne?

An ɗan ƙara gishiri, amma akwai ƙamshin gaskiya. A 1976 ta gano cewa, saboda yadda aka haɗa harajin kuɗin shiga da kuɗin da mai aikin kansa yake biya, harajin da ke kan ƙarin abin da ta samu ya kai kashi 102 cikin 100. Ran 10 ga Maris ta buga wata tatsuniya a jaridar Expressen a kan wata mata mai suna Pomperipossa da irin haka ta faru da ita. Ministan kuɗi Gunnar Sträng ya yi mata ba'a a majalisa cewa ta iya tatsuniya amma ba ta iya lissafi ba. Ta mayar masa cewa shi ne gwanin tatsuniya, gara su yi musayar aiki. Lissafinta ne ya fito daidai. A zaɓen shekarar jam'iyyar Social Democrat ta faɗi bayan shekara 44 tana mulki, kodayake rigimar makamashin nukiliya da wasu batutuwa ma sun taka rawa. Ita kanta mai goyon bayan jam'iyyar ce tun da daɗewa, kuma ba biyan haraji ta ƙi ba.

Mece ce dokar da ake kira da sunanta?

Dokar kare dabbobi ce ta 1988. 'Yar manoma ce da ta tashi tana ganin shanu a makiyaya, sai ga shi an koma tsare su a gini, kaji a keji, aladu a matse. Daga 1985 ta haɗa kai da wata likitar dabbobi, Kristina Forslund, suna rubutu a Expressen. Ranar da ta cika shekara 80, Firayim Minista Ingvar Carlsson ya yi mata albishir da sabuwar doka, wadda ta tanadi a riƙa fitar da shanu kiwo a lokacin bazara. Da dokar ta fito ba ta ɓoye ɓacin ranta ba, ta ce an rage mata ƙarfi.

Akwai abin da za a kushe a littattafanta?

Akwai, kuma bai kamata a rufe shi ba. A littattafan Pippi, mahaifinta ya zama sarkin mutanen wani tsibiri, kuma kalmar da aka yi amfani da ita wajen kiran baƙaƙen fata kalma ce ta ƙasƙanci. Hoton kansa, na Bature da teku ta jefo shi tsibiri mutanen wurin suka naɗa shi sarki, tunanin zamanin mulkin mallaka ne. Kamfanin da ke buga ta a Jamus ya sauya kalmar a 2009, gidan talabijin na Suwidin ya cire ta a 2014 daga shirin Pippi na 1969, sababbin bugu na Suwidin ma daga 2015 suna cewa sarkin tekun kudu. Na ga dacewar wannan gyara. Yaro baƙar fata da ya buɗe littafin yana da haƙƙin ya yi dariya kamar kowa ba tare da an soke shi a tsakiyar shafi ba. Wanda tsohon bugu ya faɗo hannunsa, ya san da wannan kafin ya miƙa wa yaro.

Da wane littafi ya kamata a fara?

Ga ɗan shekara biyar zuwa bakwai, Emil ko yaran Bullerby, a karanta masa da murya babi ɗaya kowane dare. Pippi ta dace da wannan shekaru har zuwa tara. Mio, Ronja da 'yan'uwa masu zuciyar zaki a bari sai yaro ya kai tara ko goma, kuma babba yana kusa.

Me aka yi bayan rasuwarta?

A shekarar da ta rasu gwamnatin Suwidin ta kafa lambar tunawa da ita, wadda ake bayarwa duk shekara ga marubuci, mai zane, mai ba da labari ko ƙungiyar da ke yaɗa karatu a tsakanin yara, daga kowace ƙasa. Kuɗinta kurona miliyan 5 ne. Maurice Sendak na Amurka da Christine Nöstlinger ta Ostiriya ne suka fara karɓa a 2003, a 2015 kuma ƙungiyar PRAESA ta Afirka ta Kudu ta samu. Takardunta suna babban laburaren ƙasa a Sitokholm, hukumar UNESCO ta sa su cikin kundin tarihin duniya a 2005. A ciki akwai wasiƙu kusan 75,000, da yawansu daga yara, da littattafan rubutun gaggawa sama da 600 waɗanda mutane ƙalilan ne ke iya karanta su.

An yi jana'izarta ran 8 ga Maris 2002 a babban cocin Storkyrkan, sarki da sarauniya da firayim minista suna wurin. Keken doki ne ya ɗauki gawar ya ratsa birnin, wani farin doki ba mahayi yana biye, dubban mutane sun yi layi a bakin titi, da yawa da yara a kafaɗa. Daga nan aka kai ta Vimmerby aka binne ta kusa da iyayenta.